Saura Biyar

In ka shiga unguwarsu kana neman shagon askinsa, kada ka wahalar da kanka da sunansa na yanka. Ka ce Saura Biyar kawai, za a nuna maka da baki. Shago ne mai shuɗiyar ƙofa tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da kayan gini, kujera biyu, madubi ɗaya da ya tsage daga kusurwa, sai talabijin a maƙale can kusa da silin. Mutumin da za ka tarar a ciki gajere ne mai faɗin ƙirji, wuyansa kuwa sai ka duba da kyau kafin ka gane inda ya fara. Shekararsa hamsin ba ɗaya, talatin daga ciki a tsaye ya yi su bayan ƙeyar mutane.

Laƙabin a wurin ɗaga ƙarfe ya samo shi. Bayan tashar mota akwai wani tsohon sito da wani dattijo, wanda kowa ke kira Koci, ya zuba wa ƙarafa. Benci ɗaya ne na kirki a ciki. Mutum zai kwanta a kai rigingine, ya ciro sandar ƙarfe daga maratayinta, ya sauke ta har ta taɓa ƙirji, ya mayar da ita sama, shi ke nan wasan. Sandar kanta kilo ashirin ce, in aka zura mata manyan faya-fayai biyu a kowane gefe ta zama ɗari cif. Dokar Koci ita ce duk wanda ya ɗaga ɗarin nan a gaban shaida, ko da mutum ɗaya ne, ba tare da an taɓa masa sandar ba, shaidar zai ɗauki fenti ya rubuta sunansa a bango. Sunaye arba'in da wani abu ne a bangon. Akwai na mai wankin mota, akwai na wasu samari biyu da shi ya yi musu askin farko suna tsala kuka a cinyar iyayensu. Nasa ne babu. Casa'in da biyar yake ɗagawa, kuma ya shekara huɗu a nan, bai yi gaba ba bai yi baya ba.

Ba da ƙirjin nan aka haife shi ba. Yana yaro siriri ne mai yawan mura, wanda in za a raba 'yan ƙwallo shi ke saura a ce ya je ya tsare raga. Ubansu tela ne, su bakwai a ɗaki biyu na haya. Yayansa, wanda ya ba shi shekara shida, shi ya gaji da zuwa rama masa faɗa, ya samo manyan gwangwanaye biyu ya cika da siminti, ya soka bututun ruwa a tsakani, ya kwantar da shi a bencin ɗinkin babansu ya ce ya ɗaga. Tun daga ranar, duk sanda ya kwanta ƙarƙashin ƙarfe ya ɗaga ido, fuskar Yaya yake gani a juye, da tafin hannu biyu a buɗe ƙarƙashin sandar. Masu harkar suna kiran wannan tsaya wa mutum. Ba ɗaga masa za ka yi ba, kana nan ne don in ƙarfe ya fi ƙarfinsa kada ya zauna masa a maƙogwaro. Yaya ya girma ya zama direban babbar mota, shi kuma aka kai shi koyon aski, amma ƙarfe bai raba su ba. Da Koci ya buɗe wurinsa tare suka je, sunan Yaya ne ma na uku a bango.

Gashin baki ne ya raba su. Yaya yana da wani gashin baki da ya shekara ashirin yana kiwo, baƙi wuluk mai lanƙwasa a gefe, wanda 'yan sandan hanya kan gaida kafin su gaida mai shi. Wata Asabar, shekara bakwai ke nan, ya zo a ɗan rage masa, ana wasan ƙwallo a talabijin ɗin shagon. Injin aski na daidai ƙarƙashin hancin Yaya aka jefa ƙwallo a raga, mai askin ya waiga, hannu ya bi ido. Da ya juyo, rabin gashin bakin na kan ƙyalle. To, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma da ya ba da haƙuri a take da maganar ta mutu a nan. Sai ya dubi madubi, ya ga fuskar yayansa rabi direba rabi ɗan makaranta, dariya ta ƙwace masa. Ba ƙarama ba, irin wadda mutum ke dafa kujera yana share hawaye, ga mutum shida a layi suna taya shi. Yaya ya miƙe tsaye. Ya cire ƙyallen ya ninke, ya zaro kuɗin aski ya ajiye a gaban madubi, shi da tun da aka buɗe shagon bai taɓa biya ba, ya yi ficewarsa.

Cikin wata biyu gashin baki ya dawo, magana ce ba ta dawo ba. In ka tambaye su za su ce maka ba gaba suke yi ba, ai su masu tsoron Allah ne. Duk inda suka haɗu ƙanen zai yi sallama, yayan ya amsa cikakkiya, daga nan kowa ya kama bakinsa. Sauran zance matansu ke ɗauka su kai. Yaya na jiran a ba shi haƙuri, shi kuma Saura Biyar yana ganin ai an riga an wulaƙanta shi da kuɗin nan a gaban jama'a, an yi canjaras ke nan. Girman kai rawanin tsiya ne, su biyun kuwa kowa ya naɗa nasa ya saki wutsiya.

Abin da zai ba ka haushi shi ne kullum suna ɗaki ɗaya. Shagon aski ba ya samun kowa da hantsi, don haka ƙarfe goma sha ɗaya Saura Biyar ke jan ƙofa ya tafi wurin Koci. A lokacin Koci kansa ba ya nan, yakan buɗe ya wuce kasuwa inda yake sayar da kayan gyaran firji, sai la'asar. Samari duk suna aiki ko makaranta. Mutum ɗaya ne ke zuwa a wannan sa'a ban da shi, wato Yaya, wanda shekara biyu da suka wuce ya ajiye tuƙi ya koma yankar tikiti a tasha da yamma. Shi yanzu ba ruwansa da ƙarfe. Keken motsa jiki yake hawa, wanda ke kusurwa yana fuskantar benci, ya yi ta murzawa a hankali yana kallon fanka. Saura Biyar ya gaya wa matarsa cewa lalaci ne ya kama mutumin, kuma don ya sa masa ido yake zuwa.

Ya taɓa gwada ɗarin da yamma, sau ɗaya. Ya rufe shago a lokacin ciniki, ya je ya tarar da wurin maƙil da samari, kowa da waya a hannu. Wani ƙato ya tsaya masa. Sandar ta sauka lafiya, ta taso kamar yatsa huɗu daga ƙirji, ta tsaya a nan tana nazari. Ƙaton, maimakon ya kama, sai ya sunkuya yana yi masa tsawa a fuska, gumi na ɗiga masa a ido, har sai da ƙafafun mai askin suka fara harbin iska sannan aka cire masa. Kafin ya isa gida bidiyon ya riga shi, har kiɗa an sa masa. A ciki ana jin muryarsa yana haki yana cewa, "Ai saura biyar ne kawai." Daga ranar sunan ya bi shi, shi kuma ya rantse ba zai ƙara kwanciya a gaban yaran nan ba.

Haka aka yi ta tafiya har safiyar da ya tarar da takarda manne a ƙofa. An sayar da ginin, sabon mai shi zai mayar da wurin ɗakin sanyi na ajiye kifi, ƙarshen wata za a kwashe ƙarafa. Koci ya ce shi ya tsufa, ba zai nemi wani wuri ba, amma kafin a shafe bangon zai sa a ɗauki hotonsa a wanke babba, a ba kowane mai suna ɗaya ya rataye a ɗakinsa. Saura Biyar ya ƙidaya da yatsu, kwana ashirin da shida. Ya san in wurin nan ya rufe ba shi a bango, shi da sunan nan sai kabari. Yaya na tsaye a bayansa yana jira ya matsa shi ma ya karanta, sai ya matsa ba tare da ya waiga ba.

Da ƙwai ya fara. Wani mai gadi da yake yi wa aski ya ce masa shi goma yake sha ɗanye kowace safiya, kuma mai gadin ba ƙarya, ƙofar shagon da gefe yake shigowa. Matarsa malamar firamare ce, bakinta kuma bai san hutun makaranta ba. Rana ta shida ta tare shi a ƙofar kicin.

"Baban 'Yan Biyu, kiret na biyu ke nan cikin mako ɗaya. Kaza za ka zama ko me?"

"Gina jiki ne, ba za ki gane ba."

"Na gane mana. Ai ni ke kwana ɗaki ɗaya da ginin. Jiya sai da na buɗe taga."

Ƙwai bai ƙara masa komai ba sai yawan fita daga shago da sauri, yana barin mutum da rabin kai.

Sai shawarar wani tsohon malamin lissafi. Wannan dattijo duk Alhamis yake zuwa a gyara masa gashin da bai fi a ƙirga ba, gaskiya dai hira yake saye. Ya saurari matsalar da idonsa a rufe, sannan ya ce, "Ɗana, ba kilo biyar ne ya gagare ka ba, tsallen ne. Wa ya ce sai ka haye a taki ɗaya? Raba shi ƙanana. Sannu sannu ba ta hana zuwa." Maganar ta zauna. Matsalar kawai ita ce Koci ba shi da faifan da ya gaza kilo biyu da rabi. Saura Biyar ya shiga shagon maƙwabcinsa mai kayan gini ya aro kwaɗon ƙofa guda takwas, ya kai wurin mai nama aka auna masa su, ya riƙa datse biyu a jikin faya-fayan duk bayan kwana biyu. In ya ɗaga sai wurin ya ɗauki ƙara kamar mai gadin kurkuku na zagaye. Kuma abin ya ɗan yi aiki, don ya kai casa'in da biyar da kwaɗo shida. Sai 'yan biyunsa suka samu makullan a aljihun wandonsa suka yi wasan 'yan kasuwa da su a bayan gida, ba a ƙara ganin ko ɗaya ba. Samarin yamma suka yi kwana biyu suna ɗaga ƙarfe mai kwaɗo, kafin Koci ya kawo zarto. Ya aiko masa da saƙo cewa shi kilo ya sani, bai san kwaɗo ba, kuma ya sayo wa maƙwabcinsa sababbi.

Dabara ta uku tasa ce ta kansa, ita ce kuma ta fi ɓarna. Ya lura a madubin wurin cewa in yana turawa, gefen hagu na sandar ke makara. Ya zauna ya yi tunani ya gano dalili: shekara talatin hannun dama ke riƙe da inji da almakashi da reza, na hagu ba abin da ya taɓa yi sai lanƙwasa kunne. Maganin a fili yake. Washegari ya mayar da injin aski hannun hagu.

Mutum uku na farko sun tsira, don duk ƙwalƙwal suka ce a yi musu. Na huɗu wani saurayi ne mai zuwa ganawar neman aiki da azahar, ya ce a daidaita masa layin gaban goshi kawai. Hannun hagu ya ɗan shiga ta dama. Aka gyara ta hagu don su yi daidai, sai ita ma ta ɗan wuce. Aka koma dama. Masu magana sun ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, amma wannan goshin ne ya yi ta ja da baya yana neman tsakiyar kai, saurayin na kallo a madubi yana ƙara shekara biyar da kowace gyara.

"Baba, tsaya haka nan," in ji shi a hankali. "Don Allah kwashe duka."

Aka kwashe duka, kyauta. Wannan karon mai askin bai yi dariya ba, ya dai koyi wannan darasin. Kafin yamma labari ya zaga, mutum huɗu daga masu zuwa wurinsa suka tsallaka titi zuwa wani shagon, inda ake yi wa Yaya aski tun shekara bakwai.

Gaskiyar da bai gaya wa kowa ba ita ce a makon ƙarshen nan kullum sai ya ɗora ɗarin. Yakan zura manyan faya-fayan huɗu, ya kwanta, ya ciro sandar, kuma hannayensa na gaya masa za su iya. Sai ya fara saukewa, ta zo rabi, ya ɗaga ido ya ga ba komai a samansa sai silin da fanka. Nan take gwiwar hannunsa ke yin sanyi, ya mayar da ita maratayi da sauri, ya tashi yana murza kafaɗa kamar ita ce ta hana. Tsoro ne, ba wani abu ba, kuma ya san tsoro ne. Daga kusurwa keke na ta ƙara, kiɗi-kiɗi, ba sauri ba tsayawa.

Ana gobe za a rufe, suna shan shayin safe, matarsa ta ajiye kofi ta dube shi.

"Ni ban san ƙarfe ba, amma na san yara. Wani yaron ya iya karatunsa sarai, amma ba zai buɗe baki a gaban allo ba sai na zo na tsaya kusa da shi. Ba abin da nake gaya masa. Je ka ce wa yayanka ya tsaya maka."

"Ni? Shi fa ya ajiye mini kuɗi a gaban mutane."

"Kai ka fara dariya a gaban mutane. Kuma ma akwai abin da matar Yaya ta daɗe tana so in..."

"Maman 'Yan Biyu, kada ki ɓata mini shayi."

"To. Allah Ya ba da sa'a, kai da fanka."

Ranar ƙarshe ya isa sha ɗaya saura kwata. An riga an kwashe rabin kayan, an jingine madubin a ƙasa, gwangwanin fentin Koci da burushi na kan taga inda suke kullum. Mai hoto zai zo da la'asar. Yaya na kan keke. Sallama, amsa. Saura Biyar ya yi ɗumi da sittin, ya yi da tamanin, ya ɗaga casa'in sau ɗaya, ya zura manyan huɗun ya zauna a bakin benci. Ya kwance igiyar takalmi ya sake ɗaurewa. Ya sha ruwa. Ya je ya gyara zaman wani faifai da ba ruwansa da shi. Da dabaru suka ƙare, sai ya dubi sama ya yi gyaran murya.

"Oho dai. Da a ce akwai wani bawan Allah a kusa, da ya tsaya wa mutum ya samu lada."

Keke bai tsaya ba. Can Yaya, shi ma yana kallon sama, ya ce, "Fankar nan dai ba ta da hannu."

Ban da sallama, wannan ce magana ta farko da ya ji daga bakin yayansa cikin shekara bakwai, kuma ba shi aka yi wa ba. Ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Ya dubi bango, ya dubi agogo.

"Yaya, don Allah zo ka tsaya mini."

Keke ya tsaya. Yaya ya sauko ba gaggawa, ya goge fuska da tawul, ya zo ya tsaya a kansa.

"Dariyar fa?"

"Ban kyauta ba."

"Ba ka kyauta ba."

"Ka yi haƙuri. Amma Yaya, tsakani da Allah, da kai ne a tsaye ka ga abin da na gani a madubin nan..."

"Kwanta," in ji Yaya, "kafin in koma keke."

Ya kwanta. Ya matse kafaɗu a benci, ya kafa ƙafa a ƙasa, ya kama sandar a inda hannunsa ya saba. Da ya ɗaga ido sai ga fuskar nan a juye, ta tsufa fiye da yadda ya zata, gashin bakin ya yi furfura, ga tafin hannu biyu a buɗe ƙarƙashin ƙarfen. Ya ja numfashi ya ciro. Sandar ta sauka, ta taɓa ƙirji, ta taso yatsa huɗu, ta tsaya a wurinta na kullum kamar motar haya a tashar da ta saba. Idonsa ya fara ganin taurari. Gefen hagu ya fara sunkuyawa.

"Taka ce," in ji Yaya, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Kada ka kalle ta. Tura."

Ya tura. Ta motsa kaɗan, ta ƙara, sai kuma ta tafi gaba ɗaya har gwiwar hannunsa ta miƙe. Ƙarfe ya faɗa maratayi ya yi ƙara. Ya jima a kwance yana haki, sannan ya tashi zaune ya yi tambayar da kowane mai ɗaga ƙarfe ke yi.

"Ka taɓa?"

"Ban taɓa ba."

"Ko da ɗan yatsa?"

"Na ce ban taɓa ba. Miƙo fentin."

Ya miƙa masa gwangwanin da rawar jiki, yana murmushin da ya kasa ɓoyewa. Akwai fili mai kyau a sama, daidai ƙarƙashin sunan mai wankin mota, ya nuna masa da yatsa. Yaya ya tsoma burushi, ya ɗaga hannun dama, hannun ya zo daidai ƙirji ya ƙi gaba. Ya sa na hagu ya tallafi gwiwar, ya cije leɓe, bai ƙaru da komai ba. Sai ya haƙura ya sunkuya ya rubuta sunan can ƙasa, daidai ƙugu, harafi ɗaya bayan ɗaya, a karkace.

Murmushin Saura Biyar ya ɗauke. "Me ya samu hannunka?"

"Kafaɗa ce. Jijiya ta tsinke ina canza taya a hanya. An yi aiki, bai kama ba."

"Yaushe?"

"Shekara biyu. Ka ɗauka don sha'awa nake yankar tikiti?"

Mai askin ya dubi hannun, ya dubi sandar da ke rataye da faya-fayanta huɗu, ya sake duban hannun. Sai ya koma ya zauna a benci.

"Wato da ta danne ni ba za ka iya cirewa ba."

"Ko butar shayi da hagu nake ɗauka."

"To da me za ka yi?"

"Da na fita na kira mutane. Tasha ba nisa."

"Yaya, kashe ni ka so yi?"

"Tun bara na san za ka ɗaga. Kai ne ba ka sani ba." Ya rufe gwangwanin ya mayar kan taga.

"In ba ka iya taɓa ƙarfe, me kake zuwa yi nan kullum? Shekara biyu kana tuƙa keken da ba ya zuwa ko'ina."

Yaya ya dube shi kamar yadda ake duban yaron da ya tambayi abin da ke gabansa. "Kana kwanciya ƙarƙashin kilo casa'in da biyar, ba kowa a ginin. Ai dole a samu mai yin ihu."

Saura Biyar ya so ya yi faɗa, ya nemi faɗan ya rasa. Kunya ce ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba ko ranar da bidiyonsa ya zaga gari. Shekara biyu mutumin nan na zaune taku goma daga gare shi da mataccen hannu, yana gadinsa, shi kuwa ko sau ɗaya bai dube shi da kyau ba balle ya tambaya.

Yaya ya ɗauko rigarsa daga kan ƙusa, ya fara kokawar da ya saba yi a kusurwa da bayansa a juye: ya kama wuyan rigar da haƙori, ya karkata jiki, yana lallaɓa hannun ya shiga. Ƙanen ya tashi ya karɓi rigar.

"Mai ciwon ake fara zurawa," in ji Yaya.

"Na sani."

Bai sani ba. Ya kama hannun a hankali ya zura, ya zagaya ya zura ɗayan, sannan ya dawo gabansa yana ɓalla masa maɓallai tun daga ƙasa, kansa a sunkuye, bai yarda ya ɗago ba har ya kai na wuya.